Ku daina yi wa ɗan gaban da ke sauya kulob dariya, ci-rani yake yi kamar kowa

Ranar Lahadi da daddare ina gidan kallon ƙwallo na bakin layinmu, an tafi hutun rabin lokaci, janareto na ta ƙugi, zafi kamar a gidan burodi, sai musu ya kaure a bencin baya kan 'yan gaban Najeriya, wa ya fi wa. Wani ya ambaci Sadiq Umar. Sai wani yaro sanye da jesin Arsenal ya tuntsire da dariya ya ce wai wannan ai kulob ɗin da ya yi sun fi ƙwallayen da ya ci yawa, wai ya fi ɗan acaɓa zaga gari. Aka kwashe da dariya har da tafawa.

Ni ban yi dariya ba, don na san yaron. A shekara uku da suka wuce ya je Legas ya yi gadi, ya koma Fatakwal ya yi acaɓa, ya zo Abuja ya yi leburancin gini, yanzu ga shi ya dawo gida yana da ɗan tebur ɗin cajin waya. Kuma ba wanda ya taɓa ce masa ɗan yawo, cewa ake yi yaro ne mai zuciyar nema, Allah ya yi masa albarka. To me ya sa idan ɗan ƙwallo ya yi irin wannan sai ya zama abin dariya?

Matsayina a fili yake. Ɗan gaban da ya buga wa kulob goma ko goma sha biyar a ƙasashe daban-daban har ya yi shekara goma sha yana cin abinci da ƙafarsa, wannan mutum ya ci nasara a sana'arsa, kuma irin rayuwarsa ita ce rayuwar mafi yawan 'yan ƙwallon duniya. Waɗanda muke gani sun zauna a kulob ɗaya har tsufa su ne 'yan kaɗan, mu ne dai talabijin ta saba mana da su har muka ɗauka haka abin yake.

Wai da ya iya da an riƙe shi

Wannan ita ce hujjar farko da kowa ke jefowa, kuma a kunne tana da daɗi. Bari mu ɗauki shi Sadiq ɗin tunda a kansa aka yi dariyar.

A Kaduna aka haife shi a 1997. Yana yaro aka kai shi Italiya, Spezia, daga nan Roma ta ɗauke shi, kuma a Disambar 2015 yana ɗan shekara 18 ya ci wa Roma ƙwallo a Serie A a wasansu da Genoa, a kulob ɗin da Totti yake da Dzeko. Ka tsaya ka yi tunanin wannan kaɗai, yaron Kaduna a ɗakin sauya kaya ɗaya da Totti. A 2016 ya je gasar Olamfik ta Rio da tawagar Samson Siasia, ya ci biyu a wasan neman tagulla da aka doke Honduras 3-2, kuma wannan tagullar ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta dawo da ita daga Rio gaba ɗaya, duk wasannin da aka je yi.

Daga nan fa aka shiga ba da shi aro. Bologna, Torino, NAC Breda a Holan, Rangers ƙarƙashin Steven Gerrard, Perugia. A Rangers kam abin bai yi daɗi ba ko kaɗan, da ƙyar ake sa shi, ranar da aka fara da shi a wasan kusa da na ƙarshe na kofi da Aberdeen ya samu dama ya wuce gola, maimakon ya buga sai ya faɗi, rafali ya ba shi katin gargaɗi, aka ci su ɗaya da nema, ba a daɗe ba aka katse aron. Da a nan labarin ya tsaya da yaron jesin Arsenal ya yi gaskiya.

Amma ya tafi Partizan a Sabiya ya shiga cin ƙwallo kamar ba shi ba. Almeria ta Sifaniya ta saye shi a 2020, ya ci 20 a kakarsa ta farko a rukuni na biyu, ya ci 18 a ta biyu suka hau La Liga a matsayin zakarun rukunin. A Satumbar 2022 Real Sociedad ta biya kusan yuro miliyan 20 ta ɗauke shi don ya cike gurbin Isak da ya tafi Newcastle. To wane ne Sadiq na gaskiya, na Rangers ko na Almeria? Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya, tsawon nan dai nasa. Abin da ya canza shi ne a wuri ɗaya an ba shi wasa duk mako an gina masa tawaga, a ɗaya wurin kuma an ajiye shi a benci ana jiran ya yi abin mamaki cikin minti goma.

Wannan shi ne abin da mutane ba sa son ganewa game da lamba tara, wato ɗan gaba. Ɗan baya zai iya zuwa ko'ina ya yi aikinsa, ya tare, ya share, ya sa kai. Ɗan gaba kuwa abincinsa a hannun wasu yake. In 'yan tsakiya ba sa kawo masa ƙwallo, ko koci na son mai gudu shi kuma mai tsayawa ne ya karɓa da ƙirji, sai ka ga mutum ya yi wata uku bai ga raga ba, kuma shi kaɗai ne a fili ake ƙirga wa aiki da lamba. Ba wanda ke tambayar ɗan baya ƙwallo nawa ya tare a kaka, amma ɗan gaba ko jaririn unguwa ya san ya ci bakwai ko ya ci biyu.

Osimhen ma da muke taƙama da shi yau, a Wolfsburg ta Jamus ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. Sai da aka ba da shi aro Charleroi a Beljiyam a 2018 sannan ya farfaɗo, daga nan Lille, daga nan Napoli inda ya ci 26 a Serie A suka ɗauki kambu a 2023. Da a gidan kallonmu ake yanke hukunci da tun yana Jamus an ce ya dawo gida ya nemi wata sana'a.

Ba kullum shi ke zaɓar tafiyar ba

Mu da muke karanta labarin kasuwar 'yan ƙwallo a waya muna ɗauka ɗan wasa ne ke tashi da safe ya ce yau na gaji da Italiya bari in je Holan. Sau da yawa shi ne na ƙarshe da ke jin labari.

Dubi Odion Ighalo. Daga Julius Berger ya tafi Lyn a Nowe a 2007, Udinese ta saye shi a 2008, sai aka tura shi Granada, aka ɗan kai shi Cesena, aka mayar da shi Granada, daga baya aka kai shi Watford a 2014. Wanda bai sani ba sai ya ce yaron nan ba ya zama wuri ɗaya. Alhali Udinese da Granada da Watford duk a lokacin a hannun gida ɗaya suke, gidan Pozzo na Italiya. Kamar dai Alhaji mai shago a Kwari da wani a Singa da wani a Sabon Gari ya ce wa yaronsa gobe ka koma can shagon ka zauna, yaron ya isa ya ce a'a? Kuma duk inda aka ajiye Ighalo ya yi aiki, da ƙwallayensa Granada ta hau daga rukuni na uku zuwa na biyu zuwa La Liga cikin shekara biyu, ya ci 20 Watford ta hau Firimiya a 2015, ya ci 15 a Firimiyar kanta a kakar da ta biyo.

Manyan kulob sun daɗe suna tara yara kamar mai tara buhun masara da kaka, su saya da araha su rarraba aro su jira farashi ya tashi. Abin ya yi yawa har sai da FIFA ta sa doka daga 2022 ta taƙaita yawan 'yan wasan da kulob zai iya bayarwa aro zuwa ƙasashen waje. To in hukumar ƙwallo da kanta ta ga laifin yana wajen kulob, mu me ya sa muke ɗora shi a kan yaron da aka miƙa wa tikitin jirgi?

Akwai kuma wani abu da ya shafi 'yan gaba su kaɗai. Duk watan Janairu kulob ɗin da ke ƙasan teburi hankalinsu a tashe yake, kuma abin da kowa ke nema shi ne wanda zai ci masa ƙwallo biyar ko shida kafin Mayu ya tsira. Ba sa neman wanda zai zauna shekara goma. Suna neman mai gyara ne, kamar yadda kake kiran bakanike in mota ta mutu a hanya, ya gyara ka biya shi kowa ya kama gabansa. Mutumin da ake ta kira irin wannan kiran, a ƙasa bayan ƙasa, ai sai dai a ce an yarda da hannunsa.

Wai kwaɗayin kuɗi ne

Lokacin da Ighalo ya bar Watford ya tafi Changchun Yatai ta ƙasar Sin a farkon 2017 kan kuɗi kusan fam miliyan 20, na ji zagi iri-iri. Wai ya sayar da ƙwallonsa, wai ya bi kuɗi. Kuma masu faɗar nan wallahi in aka ce musu ga aiki a Saudiyya albashi ninki uku, ko sallama ba za su tsaya yi wa maigidansu ba.

Eh, kuɗi ya bi. Sai me? Mutumin da ya taso a Ajegunle, wanda ya san yadda ake kwana da yunwa, kuma ya san sana'arsa in ta yi tsawo ta kai shi shekara talatin da biyar, ka ce ya ƙi albashin da zai riƙe zuri'arsa don kai ka ji daɗin ganinsa a talabijin ranar Asabar? Ma'aikacin gwamnati yana da shekara 35 na aiki da fansho a ƙarshe, ko da fanshon sai an sha wuya ake samu. Ɗan ƙwallo yana da shekara goma zuwa sha biyar, shi ma in gwiwa ta yarda.

Maganar gwiwar nan ba wasa ba ce. Shi Sadiq da ya isa Sociedad, ya ci Atletico Madrid a wasansa na farko, kowa ya ce shi kenan yaro ya iso. Kwana takwas bayan nan a wasa da Getafe jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar gaba ɗaya ta tafi a jinya. Da ya dawo bai sake samun wurinsa yadda ake so ba, a farkon 2025 aka sake ba da shi aro Valencia. Taku ɗaya a kan ciyawa ya canza komai. Mutumin da ke aiki a cikin irin wannan hali kana ce masa kar ya duba kuɗi?

Sannan mu da muka san yadda gidajenmu suke bai kamata a yi mana bayani ba. Ɗan wasan Ingila in ya samu albashi nasa ne da matarsa da 'ya'yansa biyu. Namu kuwa yana ɗauke da uwa da uba da ƙanne da 'ya'yan yayye da abokan da suka buga ƙwallon tsumma tare da masallacin unguwa da ba a gama rufinsa ba, duk wanda zai yi aure shi, duk wanda aka kwantar asibiti shi. Shi Ighalo ma a ƙarshen shekarar da ya tafi Sin ya buɗe gidan marayu a Legas.

Kuma abin da ya fi ba ni dariya, wai ya tafi Sin ƙwallonsa ta mutu. Daga can ya zo ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar kofin Afirka ta 2019 a Masar da ƙwallo 5. Daga can Manchester United ta ɗauke shi aro a 2020, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya buga mata, ya ci 5. Daga nan ya wuce Saudiyya, Al-Shabab da Al-Hilal, ya fi kowa cin ƙwallo a gasarsu a kakar 2021-22. Duk wannan bayan an gama yi masa jana'iza a gidajen kallo.

Wai ba su da amana

Wannan kuma hujjar masu son Totti ce da Maldini da Giggs, mutanen kulob ɗaya. Ni ma ina girmama su. Amma Totti ɗan birnin Rum ne, a nan aka haife shi, kulob ɗin garinsu na biyan miliyoyi, danginsa na nan kusa, to ina zai je? In da Kano Pillars ko Kaduna United na biyan abin da Roma ke biya da ka ga mutanen kulob ɗaya a Arewa har sai ka gaji da ƙirga. Yaron da ya bar Kaduna yana ɗan shekara goma sha shida ya riga ya bar gida, duk inda ya je bayan nan baƙo ne, kuma ban san dalilin da zai sa baƙo ya rantse wa Bologna ko Perugia cewa sai mutuwa ba.

Amanar ma ai hannu biyu gare ta. Kulob nawa ne suka riƙe ɗan gaba da ya yi kaka ɗaya bai ci ba don kawai ya yi musu hidima a baya? Koci ya canza, sabon ya zo da nasa mutumin, sai ka ji an ce ka nemi wani wuri. Raul da ya yi wa Real Madrid komai a Schalke da Ƙatar da Amurka ya ƙarasa. Messi da kansa yana kuka ya bar Barcelona a 2021. In an yi wa waɗannan haka, wane ne Sadiq?

Kuma bari in tuna wa masu wannan magana wani abu. Rashidi Yekini, wanda duk muka yarda shi ne uban 'yan gaban Najeriya, mai ƙwallo 37 a Super Eagles, wanda ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a kofin duniya na 1994, ku ƙirga kulob ɗinsa. UNTL ta Kaduna, Shooting Stars, Abiola Babes, Africa Sports ta Abijan, Vitoria Setubal ta Fotugal, Olympiacos ta Girka, Sporting Gijon ta Sifaniya, Zurich, Bizerte ta Tunisiya, Al-Shabab ta Saudiyya, ya dawo Julius Berger, ya ƙarasa a Gateway. Bai taɓa buga wa Madrid ko Milan ko United ba. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993 yana Setubal, kulob ɗin da rabin masu kallonmu ba su san launin rigarsa ba. Ban taɓa jin wanda ya kira Yekini ɗan yawo ba.

'Yan uwanmu na Nijar su ma suna da nasu, Moussa Maazou. Daga Yamai ya tafi Lokeren a Beljiyam, CSKA Moscow ta saye shi, aka yi ta ba da shi aro Monaco da Bordeaux da sauransu, ya buga a Tunisiya da Fotugal da Sin da Denmak da Saudiyya, ƙasashen ma sai an zauna an lissafa. A Turai ba wanda zai gina masa gunki. Amma shi ya ci ƙwallon da Mena, tawagar ƙasar Nijar, ta doke Masar 1-0 a Yamai a Oktoban 2010, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, kuma a wannan zagayen ne Nijar ta samu zuwa gasar karon farko a tarihinta a 2012. Je ka Zinder ko Maraɗi ka ce Maazou bai yi komai a ƙwallo ba ka ga abin da za a gaya maka.

Inda masu sukar suke da gaskiya

Ba zan ce duk tafiya alheri ce ba, ƙarya zan yi. Akwai 'yan wasan da halinsu ne ke korarsu, duk inda suka je sai sun yi faɗa da koci ko sun ƙi zuwa atisaye, wannan kam laifinsu ne. Akwai kuma waɗanda dillalinsu ne ke juya su, don shi dillali sai an yi ciniki yake samun la'ada, zaman ɗan wasa wuri ɗaya shekara huɗu asara ce a wajensa. Irin wannan dillalin zai ɗauke yaro daga inda yake buga wasa duk mako ya kai shi babban kulob inda zai ruɓe a benci, shi dai ya karɓi kasonsa.

Sannan akwai yawon da ba ya zuwa talabijin, wanda shi ne ya fi ba ni tausayi. A layinmu akwai wani da muka taso tare, lamba tara ne na gaske, in ya juya da ƙwallo a bakin raga sai dai gola ya yi addu'a. Ya buga wa kulob biyar ko shida a gasar cikin gida, daga wannan jiha zuwa waccan, a motar haya, wani lokacin kwana biyu a hanya a buga wasa washegari. Duk inda ya bari ba don ya samu ƙari ya bari ba, albashi ne aka riƙe masa wata huɗu wata biyar, kuɗin sa hannu kuma har yau akwai wanda yake bi. Wani mutum ya taɓa karɓar kuɗin filin babansa da sunan zai kai shi gwaji Turai, ya ƙare a wata ƙasa a Arewacin Afirka wata uku a ɗaki ɗaya da yara takwas, ba gwaji ba kulob, sai da dangi suka yi karo-karo aka dawo da shi. Yanzu Keke Napep yake ja, in sanyi ya shigo gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, da hagu yake fara sauka.

Na kawo labarinsa ne don a ga inda ya kamata fushinmu ya tafi. Kulob ɗin da ke cinye albashin yara, da dillalan bogi, da hukumomin da ke kallo ba sa cewa komai, su ya kamata a zaga a gidan kallo in ma zagin za a yi. Shi wanda ya tsallake duk wannan ramin har ya kai inda ake biyansa a kan lokaci a Sabiya ko Turkiyya ko Saudiyya, ai cikin yara dubu da suka fara tare da shi a filin makarantar firamare shi kaɗai ya fita.

Akwai kuma abin da ɗan ci-ranin ƙwallo ke rasawa wanda kuɗi ba sa saya, wannan na yarda. Ba filin da zai koma yana tsoho a tashi tsaye a tafa masa. 'Ya'yansa sun fara makaranta da Italiyanci sun ci gaba da Sifaniyanci. Duk shekara sabon gida, sabon yare, sabon abinci, azumi a garin da ba ka san inda masallaci yake ba, sanyin Rasha ga mutumin da ya taso a zafin Arewa. Ahmed Musa, duk da shi ya fi buga gefe, ya yi wannan zagayen, Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, amma shi ya yi sa'a yana da Pillars da zai dawo a karɓe shi hannu biyu. Yawancinsu ba su da irin wannan gidan. Amma wannan ai dalilin tausaya musu ne, ban ga abin dariya a ciki ba.

Da aka kusa dawowa daga hutun na juya na tambayi yaron jesin Arsenal, na ce ƙanena, wa ya ci ku a wasan ƙarshe na kofin Carling a Wembley a 2011? Ya ce shi lokacin yana firamare. Sai wani dattijo a gefe, shi ma ɗan Arsenal ne har da hular kulob ɗin, ya ce don Allah malam kar ka tayar mana da tsohon ciwo, Obafemi Martins ne, minti na 89, Koscielny da Szczesny suka yi karo ƙwallo ta faɗo gabansa ya tura raga. Na ce to a lokacin aro Birmingham ta karɓo shi daga Rubin Kazan ta Rasha, bayan ya yi Inter da Newcastle da Wolfsburg, kuma daga nan ya wuce Levante da Seattle da Shanghai, wata nawa ma ya yi a Birmingham ɗin. Dattijon ya ce shi bai damu da inda ya wuce ba, shi dai ya san daren nan bai ci tuwo ba.

Yaron ya buɗe baki zai yi magana sai aka busa, kowa ya juya wajen talabijin, mai gidan kallon ya zo yana karɓar kuɗin waɗanda suka shigo a makare.